Gani ya kori ji: injin mai magana da hujjar takarda

Tun ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da ChatGPT, duniya ta shiga wani sabon yayi, wato na yi wa kwamfuta ko wayar hannu tambaya kamar yadda ake yi wa ɗan Adam, ita kuwa ta mayar da jawabi tsaf cikin lafazi mai daɗi. Yayin bai tsallake ƙasar nan ba. A biro-biro na Yamai ana sa irin waɗannan injuna su gyara Faransancin wasiƙa ko su taƙaita dogon rahoto, a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa akan sa su fassara saƙon abokin ciniki na Dubai ko na ƙasar Sin. In dai aikin bai wuce gyaran jimla ba, kuskure bai cika jawo hasara ba. Amma ranar da ɗan kasuwa ya tambayi injin nawa ne kuɗin duwan na kayansa da ke kan hanya, ko ma'aikaci ya tambaye shi wace doka ce ta tsara hutu ko ƙarin girma, to, amsa guda ta ƙarya tana iya cinye ribar shekara, ko ta zubar da mutuncin wanda ya sa hannu a takarda. Masana wannan fage sun daɗe da sanin matsalar, kuma babbar hanyar da suka bi don rage ta ita ce a hana injin amsawa da ka, a tilasta masa buɗe takarda tukuna. Ya kamata mai karatu ya san yadda dabarar ke aiki da kuma inda ta tsaya, domin da ita ake bambance amsar da za a iya kafa ciniki a kanta da wadda za a saurara kawai.

Inda injin ya samo bakinsa

Abin da ake kira babban injin harshe lissafi ne tsagwaronsa. Ana tara masa rubutu mai tarin yawa, littattafai da jaridu da shafukan intanet, a ɗora masa aiki guda: a ba shi farkon jimla, ya kintaci kalmar da za ta biyo baya. In ya kuskure a ɗan gyara lissafinsa, a sake ba shi wata, haka nan har sau miliyoyin miliyoyi. Tsarin da kusan dukan injunan suka ginu a kai, masu bincike 8 na kamfanin Google ne suka bayyana shi a shekarar 2017. Zuwa shekarar 2020, injin GPT-3 yana ɗauke da lambobin lissafi miliyar 175, kuma a cikinsu ne duk abin da ya koya ya narke, kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya. Ana jin ɗanɗanonsa, amma ba mai iya tsamo ƙwayarsa ya ce ga inda ta fito.

Daga nan cututtuka biyu suka samo asali. Ta farko ita ce shaci-faɗi. Injin ya ƙware wajen sanin kamannin magana ta gaskiya, saboda haka in bai san abu ba sai ya ƙera mai kama da shi, ya faɗe shi da muryar tabbaci ɗaya da wadda yake faɗin abin da ya sani. A shekarar 2023 wasu lauyoyi a birnin Niyok suka miƙa wa kotun tarayya takarda cikin ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca, suna kafa hujja da hukunce-hukunce 6 da ChatGPT ya ba su, kowane da sunansa da lambarsa da shekararsa. Da aka duba, sai aka tarar ba ko ɗaya da wata kotu ta taɓa yankewa. A watan Yuni na shekarar alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dalar Amurka 5,000, wato kusan sefa miliyan 3, kuma kunyar da suka sha ta fi tarar nauyi.

Cuta ta biyu ita ce tsufan labari. Ranar da aka rufe karatun injin, a ranar agogonsa ya tsaya. Wanda aka gama koyarwa a 2023 zai ce Nijar tana cikin ƙungiyar CEDEAO, alhali ficewarta tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata tun ranar 29 ga watan Janairu na 2025. Ba zai san da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ƙawancen ƙasashen Sahel ya tsayar kan kayan da ake shigowa da su daga waje a watan Maris na 2025 ba. Dattawan kasuwa da suka ga ranar 12 ga watan Janairu na 1994, da sefa ta kwana da darajarta ta wayi gari da rabinta, sun san irin ɓarnar da lissafin jiya ke yi wa cinikin yau. Masu canjin naira a Ɗan Isa da Ƙonni kuwa ba sa yarda da farashin safe in rana ta yi tsaka. Sake koyar da babban inji daga tushe yana cin watanni da dukiya mai yawa, don haka ba abu ne da za a riƙa yi duk ranar da aka canza wata doka ba.

A aika shi ɗakin takardu

A shekarar 2020 Patrick Lewis da abokan aikinsa, na sashen bincike na kamfanin Facebook tare da jami'o'i biyu na Landan da Niyok, suka wallafa dabarar da yanzu ake taƙaita sunanta da harufan RAG, ma'ana tsara amsa da taimakon abin da aka ɗauko. Suka ɗauki kundin Wikipedia na Ingilishi kamar yadda yake a watan Disamba na 2018, suka yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu kalmomi 100, aka sami guntaye miliyan 21. In tambaya ta zo, wani sashe ne ke fara shiga cikin tarin ya tsamo ƴan guntayen da suka fi kusa da ita, sa'an nan a miƙa wa injin harshe tambayar tare da guntayen, ya tsara amsa yana duban su. Wato an raba aiki gida biyu, an sami magatakarda mai ɗauko dosiye da kuma mai baki da zai yi bayaninsa.

Sashen tsamowar ya girmi injunan harshe nesa ba kusa ba. Tun a 1972 wata malama ta jami'ar Kambirij a Ingila, Karen Spärck Jones, ta nuna cewa kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi nuna inda takarda ta dosa. In mutum ya nemi farashin albasar Galmi, kalmar farashi tana cikin dubban takardu, amma Galmi tana cikin kaɗan, don haka ita za a ba nauyi. A kan wannan tunani aka gina ma'aunin BM25 a Landan cikin shekarun 1990, kuma har yau ana aiki da shi. Sabuwar hanya kuwa tana mayar da kowane guntun rubutu jerin lambobi masu nuna ma'anarsa, ta yadda rubuce-rubuce masu ma'ana ɗaya za su zauna kusa da juna, kamar yadda ƴan hatsi ke layi ɗaya a kasuwa, ƴan atamfa a wani layin. Da haka mai tambaya kan hatsi zai iya samun takardar da ta ce gero, ko da kalmar da ya rubuta ba ta fito a cikinta ba. Da yawa daga cikin masu gina irin waɗannan tsare-tsare suna haɗa hanyoyin biyu, domin kowace tana toshe ɓarakar ɗayar.

Amfanin dabarar ya bayyana tun a gwajin farko. Masu binciken sun tsara tambayoyi kan shugabannin duniya 82 da aka canza tsakanin 2016 da 2018. Da aka haɗa injin da kundin 2016 sai ya fi ba da sunayen shugabannin wancan lokaci, da aka musanya masa da na 2018 sai ya koma ba da sababbin, ba tare da an sake koyar da shi komai ba. A ƙarshen 2021 kamfanin DeepMind na Landan ya ƙara nuna wani abu: injinsa mai suna RETRO, mai lambobi miliyar 7 da rabi, da aka haɗa shi da rumbun rubutu mai guntayen kalmomi miliyar dubu 2, ya yi kafaɗa da kafaɗa a wasu gwaje-gwaje da GPT-3 da ya ninka shi girma kusan sau 25. Ke nan ƙaramin inji mai rumbu a kusa yana iya yin aikin babba mai dogaro da hadda. Ga ƙasa mai ƙarancin kuɗi da wutar lantarki, wannan labari ne mai daɗi.

Akwai kuma riba biyu da suka shafi biro da shago kai tsaye. Ta ɗaya, tun da an san guntayen da aka miƙa wa injin, ana iya sa shi ya nuna su a ƙarƙashin amsarsa, mai tambaya ya buɗe ya gani da idonsa. Ta biyu, rumbun yana iya zama na gida. Ma'aikata tana iya zuba dokokinta da sanarwoyinta, banki ko kamfanin sufuri ya zuba ƙa'idodinsa, injin ya riƙa amsawa daga cikinsu, ko da bai taɓa cin karo da su a lokacin karatunsa ba.

Rajista ta fi tarin takardu

Sai dai akwai tambayoyin da tsamo guntun rubutu ba ya warware su. Wanda ya tambayi a wace kasuwa buhun hatsi ya fi araha a jihar Maraɗi cikin watanni uku da suka wuce, ba a shafi guda amsarsa take ba. Sai an jera kasuwanni da ranaku da farashi, an kwatanta. A nan ne tsararren ilimi ke shigowa, wato bayanin da aka jera gida-gida kamar rajistar magatakarda ko littafin bashin ɗan kasuwa, inda suna ke gidansa, kwanan wata a nasa, adadi a nasa. Hukumar SIMA mai bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasar nan da hukumar ƙididdiga ta INS irin wannan ilimi suke tarawa. In an haɗa injin harshe da jadawali irin nasu, aikinsa shi ne ya mayar da tambayar mutum zuwa umarnin da rumbun alƙaluma ke ganewa, rumbun ya yi lissafin daidai, shi kuma ya mayar da sakamakon zuwa magana. Da haka an raba shi da aikin da ya fi yin tuntuɓe a kansa, wato riƙe lambobi da ka.

Wani nau'in tsararren ilimin shi ne wanda ake kira taswirar ilimi. Kowane bayani ana rubuta shi da ƙafa uku, abu da dangantaka da wani abu. Maraɗi tana cikin Nijar. Nijar tana amfani da sefa. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan 655.957 tun 1999. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero nasabar gidan sarauta, wane ya haifi wane, wane ya gaji wane, ya san yadda ake bin irin wannan sarƙa daga ƙulli zuwa ƙulli har a isa inda ake nema. Kamfanin Google ya ƙaddamar da tasa taswirar a watan Mayu na 2012 da abubuwa miliyan 500 da bayanai miliyar 3 da rabi. A watan Oktoba na shekarar kuma aka buɗe Wikidata, wadda kowa ke iya karantawa da gyarawa kyauta, yanzu tana da abubuwa sama da miliyan 100.

Fa'idar taswirar ta fi fitowa wajen sunaye masu rikitarwa. Kowane ɗan Nijar da ya taɓa fita waje ya san yadda ake cakuɗa sunan ƙasarsa da na Najeriya, ga kogin da ke da suna iri ɗaya a Faransanci, ga kuma jihar Neja a can maƙwabta. A Wikidata kowane abu yana da lambarsa: Nijar ita ce Q1032, Najeriya Q1033, kuma duk sunayen da ake kiran abu da su a kowane harshe suna rataye a lambarsa. Haka Zinder da Damagaram, ko Tahoua da Tawa, ko Niamey da Yamai, ana iya ɗaure kowane biyu wuri guda. Bugu da ƙari, ana iya liƙa wa bayani ranar farawa da ranar ƙarewa. Birnin Damagaram ya kasance fadar mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, sa'an nan aka koma Yamai. Tsohuwar takarda da sabuwa za su ba da amsa biyu masu karo da juna, amma rajista mai kwanan wata za ta nuna kowace ta yi gaskiya a zamaninta. A 2024 masu bincike na kamfanin Microsoft sun fito da tsarin GraphRAG, inda injin da kansa ke karanta tarin takardu, ya fitar da sunaye da dangantakarsu ya gina taswira, domin a iya yi masa tambayar da ta shafi tarin baki ɗaya.

Magani ya rage ciwo, bai kawar da shi ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da an ce inji yana duba takarda shi ke nan an huta. A watan Mayu na 2024, da Google ya fara sa taƙaitacciyar amsar inji a saman sakamakon bincike a Amurka, wasu da suka tambayi yadda za a hana cuku zamewa daga kan burodin fiza sun sami shawarar su zuba gam a cikin miyar. Injin bai ƙaga maganar ba, ya tsamo ta ne daga wani tsohon rubutun barkwanci a dandalin Reddit, ya kasa gane wasa ne. A shekarar dai masu bincike na jami'ar Stanford sun gwada manyan injunan binciken shari'a da ake sayar wa lauyoyin Amurka, waɗanda aka gina a kan wannan dabara ta ɗauko hujja, suka tarar suna ba da amsa ta kuskure ko marar tushe a kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin. Wani lokaci hukuncin da injin ya ambata yana nan da gaske, amma bai faɗi abin da aka jingina masa ba. Wani bincike na 2023 kuma ya nuna cewa in aka tula wa inji takardu da yawa lokaci guda, ya fi lura da na farko da na ƙarshe, ya yi sakaci da na tsakiya.

Kuskuren kuma yana da mai biya. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a ƙasar Kanada ta umurci kamfanin Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda injin hira na shafin kamfanin ya gaya masa zai iya neman rangwamen tafiyar ta'aziyya bayan ya yi tafiyar, alhali ƙa'idar kamfanin da ke wani shafin ta ce akasin haka. Kamfanin ya so ya zame, kotun ta ce duk abin da ke shafinsa nauyinsa ne. Darasin ya shafi kowace ma'aikata ko kamfani da ke tunanin sa inji ya amsa wa jama'a da sunansa.

Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan matsala. Ba su karɓar magana sai da isnadi, kuma samun isnadin bai ishe su ba, sai sun bi masu ruwayar ɗaya bayan ɗaya sun duba amanarsu da kiyayewarsu, da ko sun haɗu da waɗanda suka ce sun ji daga gare su. Injin da ya nuna tushen maganarsa ya kawo isnadi ne kawai. Tantance tushen yana nan a wuyan mutum.

Ina takardun Hausa?

Tun da injin ba ya iya ɗauko abin da ba a ajiye ba, tambayar ta koma kan rumbun. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma dokokin da ɗan kasuwa ke rayuwa a ƙarƙashinsu, na haraji da na duwan da na OHADA da ƙasashe 17 ke aiki da su, da Faransanci aka rubuta su. Wikipedia ta Faransanci ta haura maƙala miliyan 2 da rabi, ta Hausa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. A 2023 ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka da abokan aikinta sun fitar da gwaji mai suna AfriQA, na tambayoyi sama da 12,000 cikin harsuna 10, har da Hausa, kuma saboda ƙarancin rubutu a harsunan dole aka tsara shi ta yadda za a yi tambaya da harshen gida a nemo hujja da Ingilishi ko Faransanci. Duk fassarar da aka ƙara a tsakani, ƙofa ce aka ƙara buɗe wa kuskure.

Ɗan rubutun da ake da shi ma yana da nasa cikas. Mutane da yawa suna rubuta Hausa ba ƙugiya, sai kasa da ƙasa su zama kalma ɗaya, haka daki da ɗaki, ko bata da ɓata. A Nijar ana rubuta ƴan da ƙugiya, a Najeriya kuwa da waƙafi a gaban harafin, ga kuma masu rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, su sa ou a gurbin u. Sashen tsamowa mai bin harufa yana iya wuce takardar da ake nema saboda ƙugiya guda. Ga dubban littattafan Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, da muryoyin da cibiyar CELHTO ta tattara na tarihin baka, waɗanda inji ba zai amfana da su ba sai an mayar da su rubutun da kwamfuta ke karantawa. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne a 2021 gidauniyar Wikimedia ta sa Hausa cikin ƴan harsunan da ta zaɓa don fara aikin fitar da maƙaloli daga tsararren ilimin Wikidata, tare da Ibo da Dagbani na ƙasar Gana da harsuna biyu na yankin Indiya.

Aikin da ke gaban ma'aikatu ba na ƙera babban inji ba ne, domin wannan sai masu miliyoyin dalar Amurka. Aiki ne na magatakarda, wanda ake iya farawa da kayan da ke hannu. Hoton takarda da aka ɗauka a karkace ba ya bincikuwa yadda ya kamata, saboda haka a ajiye jaridar gwamnati da jadawalin duwan da sanarwoyi cikin rubutu na gaske. A sa wa kowace doka ranar da ta fara aiki, a kuma yi wa wadda aka soke alama. Misali, dokar OHADA ta kasuwanci gaba ɗaya da aka tsayar a 1997 an sake ta a 2010, kuma duka biyun suna yawo a intanet, injin da ba a gaya masa ba yana iya ɗauko tsohuwar ya karanto ta da gaba gaɗi. A fassara abin da ya fi shafar talaka zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, da ƙa'idar rubutu guda, a jera sunayen garuruwa da kasuwanni kowane da duk yadda ake rubuta shi. Ko da ba a taɓa haɗa wannan rumbu da wani inji ba, ma'aikaci da ɗan kasuwa za su ci moriyarsa.

Kafin wannan ya samu, mai amfani da injin yana da abin da zai kare kansa da shi. In amsa ta shafi kuɗi ko doka, ya ce wa injin ya nuna takardar da ya dogara da ita, da lambarta da ranarta. In ya nuna, a buɗe ta a karanta, a tabbatar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, a kuma duba ko ta Nijar ce ko ta wata ƙasar, ko tana aiki ko an soke ta. In bai nuna ba, a ɗauki maganar a matsayin jita-jitar bakin kasuwa, a nufi biron duwan ko na haraji a ji daga bakin masu abin. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa dosiyen da ya zuba a injin wani kamfanin waje ya bar biro ke nan, don haka takardun sirri na gwamnati da na jama'a ba nan ne wurinsu ba. Injin bai da hatimi, ba ya kuma sa hannu. Ranar da aka zo bin ba'asi, sunan da ke ƙasan takarda shi za a kira. Allah ya sa a dace.